SHARHI: Manhajar da ke gadin 'yan aiken AI ta yi shiru, amma me takardarta ta ce tana gani?

A watan Yunin 2025, kamfanin tsaron intanet na Aim Security ya bayyana wata ɓaraka da ya gano a Microsoft 365 Copilot, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke karanta wa ma'aikata wasiƙu da takardun ofis. Ɓarakar, wadda aka laƙaba wa suna EchoLeak, ba ta buƙatar ma'aikaci ya latsa komai. Mai kutse zai aiko da imel mai kama da na kowa, da umarni a sakaye a cikinsa. Ranar da ma'aikacin ya yi wa Copilot tambayar da ta sa ya janyo wannan imel, sai manhajar ta kwashi bayanan cikin gida ta liƙa su a jikin adireshin wani hoto, su fice daga ofis ba tare da kowa ya ankara ba. Microsoft yana da matatar da ya girka musamman domin kama irin wannan umarni, amma masu binciken sun bi ta gefenta. Kamfanin ya ce ya toshe ɓarakar, kuma babu shaidar an cutar da wani abokin cinikinsa.

Wata biyu bayan haka, mai binciken tsaro Johann Rehberger ya wallafa jerin ɓarakoki a manhajojin da ke taya injiniyoyi rubuta manhaja, ciki har da Claude Code na kamfanin Anthropic da Amazon Q Developer. Ya nuna ana iya yaudarar su su karanta fayil ɗin da ke ɗauke da makullan sirri, sannan su fitar da makullan a cikin tambayar neman adireshi, irin wadda kowace kwamfuta ke aikawa ba dare ba rana. Kamfanonin sun gyara.

Waɗannan abubuwa sun buɗe sabuwar kasuwa. Ƙananan kamfanoni da masu rubuta manhaja kyauta a GitHub na fitar da manhajojin gadi da ke alƙawarin sa ido kan zirga-zirgar 'yan aiken AI, wato manhajojin da ake bai wa aiki su tafi su aiwatar da kansu, domin kama duk wani saƙo da aka ɓoye a ciki. Buƙatar ta gaske ce. Sai dai irin wannan manhaja tana shafe mafi yawan kwanakinta ne a cikin shiru, kuma shirun na iya nufin abu biyu: ko babu ɓarawo, ko ɓarawon ya bi ta ƙofar da mai gadi ba ya gani. Wuri ɗaya tilo da mai saye zai bambance tsakanin biyun shi ne takardar bayanin da ta zo da manhajar. Saboda haka ingancin wannan takarda, wadda injiniyoyi kan ɗauka aikin ƙarshe ne da za a yi in an samu sarari, ya zama wani ɓangare na tsaron kansa.

Inda ake sakaya saƙo

Akwai bambanci tsakanin kulle saƙo da sakaya shi. Wanda ya ji mutum biyu suna zaurance ya san ana ɓoye masa wani abu, ko da bai gane mene ne ba. Haka kulle saƙo yake. Sakayawa kuwa ita ce a faɗi maganar a gabanka cikin hirar yau da kullum, ka tashi ba ka ma san an faɗi wani abu ba. Masana na kiran ta siteganogirafi, daga kalmomin Girkanci masu nufin rufaffen rubutu, kuma tsohuwar dabara ce. Herodotus ya ba da labarin Histiaeus, wanda ya aske kan bawansa, ya tsaga saƙon tawaye a fatar kan, ya jira gashi ya tsiro, sannan ya tura shi. A zamaninmu ma, Xiaoqing Zheng, injiniya a kamfanin General Electric, ya ɓoye fayilolin kamfanin a cikin hoton faɗuwar rana a 2018, kuma wata kotun Amurka ta ɗaure shi shekara biyu a Janairun 2023.

A layin sadarwa, wuraren ɓuya sun kai aƙalla huɗu. Na farko shi ne ambulan. Bayanai na tafiya ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da lambobi a goshinsa, kuma tun 1997 Craig Rowland ya nuna yadda ake cusa haruffa ɗaya bayan ɗaya a cikin waɗannan lambobi. Tsarin DNS, wanda ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa, yana karɓar suna mai haruffa har 253. Duk wanda ya mallaki wani sunan shafi zai iya sa kwamfutar da ya kutsa ta rubuta sirri a farkon sunan, tambayar da kanta ta kai masa kayan har gida. Na biyu shi ne lokaci: ɗan jinkiri tsakanin ƙunshi biyu ya zama lamba 1, rashin jinkiri ya zama 0. Na uku haruffa ne da ido ba ya gani. A tsarin Unicode akwai wani rukuni na alamomi da allo ba ya nunawa amma manhajar AI tana karantawa, kamar yadda Riley Goodside ya nuna a Janairun 2024. Na huɗu, wanda ya fi duka wuyar kamawa, shi ne zaɓin kalmomi: jimla ce lafiyayya, amma fifita wannan kalma a kan waccan mai ma'ana ɗaya shi ne saƙon.

Kowane ɗaya daga cikin huɗun yana buƙatar dabarar kamu ta daban. Manhajar da ta ƙware wajen lura da dogayen sunaye masu kama da shirme a DNS ba ta san komai ba game da zaɓin kalmomi. Don haka idan shafin farko na takarda ya ce manhajar "tana gano ɓoyayyun saƙonni" ya tsaya nan, bai gaya wa mai saye komai ba. Abin da ya kamata ya tarar shi ne jerin hanyoyin da aka gwada ɗaya bayan ɗaya, da jerin waɗanda ba a taɓa ba.

A ina mai gadin yake tsaye?

Tambaya ta biyu ita ce inda aka girka manhajar. Mafi yawan zirga-zirgar intanet a yau a kulle take da tsarin TLS, kuma tun 2016 akwai ƙa'idar da ke ba da damar kulle tambayoyin DNS su ma. Mai gadin da ke bakin layi yana ganin wa ya yi magana da wa, yaushe, da girman abin da aka aika, amma ba ya ganin abin da ke ciki. Ba zai taɓa kama harafin da ido ba ya gani ba, domin rubutun bai taɓa buɗuwa a gabansa ba. Idan ana so ya gani, sai an sa shi a tsakiya yana buɗe kowane saƙo, ko a dasa shi a cikin ɗan aiken kansa.

Kowane zaɓi da farashinsa. Manhajar da ke buɗe saƙonni ta zama ma'ajiyar sirrin ma'aikata baki ɗaya: lambobin asusu, bayanan marasa lafiya, kalmomin sirri, duk ta gabanta suke wucewa. Dole takardarta ta faɗi abin da take adanawa, tsawon wane lokaci, da ko tana tura wani abu zuwa kwamfutocin wanda ya ƙera ta ko zuwa wata manhajar AI ta waje domin tantancewa. Idan ta yi gum a kan wannan, mai saye na iya ɗauko mai gadin da shi ne zai zama sabuwar ƙofar fita.

Lamarin ya ƙara sarƙewa tun da Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP a Nuwamban 2024, wadda ke haɗa 'yan aike da rumbunan bayanai da kayan aiki, Google kuma ya biyo da A2A a Afrilun 2025 domin 'yan aiken kamfanoni daban-daban su riƙa magana da juna. Wani ɓangare na zancen MCP yana gudana ne a cikin kwamfuta ɗaya, bai taɓa hawa layi ba balle mai gadin layi ya gan shi.

Harin SolarWinds ya isa darasi a nan. A 2020, kimanin ma'aikatu da kamfanoni 18,000 suka sauke sabuntawar manhajar Orion da aka gurɓata. Mugun shirin da ke ciki yakan kwanta kusan mako biyu, sannan ya fara aika bayanan wanda ya kama a sakaye cikin tambayoyin DNS, yana kuma kwaikwayon zancen da Orion ta saba yi da kamfaninta. Tsarin Einstein na gwamnatin Amurka, wanda aka gina akasari domin gane hare-haren da aka riga aka sani, bai kama shi ba. Kamfanin FireEye ne ya tona asirin a Disambar shekarar, bayan ma'aikatansa sun lura an yi rajistar wata waya ta biyu da sunan wani ma'aikaci. Watanni aka shafe na'urori suna shiru, ana ɗaukar shirun a matsayin lafiya.

Abin da babu manhajar da za ta iya

A 1983 masanin lissafi Gustavus Simmons ya zana matsalar da misalin fursunoni biyu da ke son shirya tserewa, alhali duk wasiƙarsu sai ta bi ta hannun gandiroba. Tambayar ita ce ko za su iya yin shirin ba tare da gandiroban ya ko yi zargi ba. Bayan shekara 40, Christian Schroeder de Witt na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun gabatar da wata hanya a 2023, inda suka nuna ta lissafi cewa idan ɓangarorin biyu suna da makulli ɗaya da manhajar AI ɗaya, za a iya sakaya saƙo a cikin rubutun da manhajar ta samar ta yadda babu wani awo da zai bambanta shi da rubutun da ba komai a cikinsa. Ma'ana, akwai rukunin sakayawa da ƙarfin na'ura ko ƙwarewar injiniya ba za su taɓa kamawa ta hanyar duba rubutun ba.

Ba lallai ne ma mutum ya koya wa manhaja wannan hali ba. A 2017 masu bincike sun gano cewa CycleGAN, da aka horar domin mayar da hotunan sama zuwa taswira, tana ɓoye bayanan ainihin hoton a cikin taswirar da wasu ƙananan sauye-sauye da ido ba ya kamawa, saboda hakan ya fi mata sauƙin cin jarrabawar da aka ɗora mata. A 2024 Sumeet Motwani da abokansa sun auna yiwuwar 'yan aiken AI su haɗa baki a ɓoye. Sun tarar ƙwarewar manhajojin lokacin ba ta taka kara ta karya ba, amma GPT-4 ya yi wa na bayansa fintinkau, abin da ya sa suka nemi a riƙa aunawa a kai a kai.

Wannan ba ya nufin a naɗe hannu. Fabien Roger da Ryan Greenblatt na cibiyar Redwood Research sun nuna a 2023 cewa idan aka sa wata amintacciyar manhaja ta sake faɗin saƙon da kalmominta kafin ya isa, yawancin abin da aka sakaya a zaɓin kalmomi yana zubewa. Gandiroban da ya kasa gane saƙo yana iya sake rubuta wasiƙar. Takarda mai gaskiya za ta fito fili ta ce wannan rukuni ya fi ƙarfin manhajar, ta kuma nuna wa mai saye matakin da zai ɗauka a maimakonta: sake rubuta saƙonni, taƙaita shafukan da ɗan aike zai iya tuntuɓa, ko raba shi da bayanan sirri muddin yana karanta rubutun da ya fito daga waje. Simon Willison, wanda ya raɗa wa dabarar cusa umarni suna a 2022, ya yi gargaɗin cewa haɗarin yana tasowa ne idan abu uku suka haɗu a ɗan aike ɗaya: damar ganin sirri, karanta rubutun baƙo, da hanyar aika saƙo waje. Cire ɗaya daga cikinsu ya fi kowace ƙararrawa tabbas.

Tarkon kashi 99

Adadin da aka fi so a manna a saman takarda shi ne na daidaito, kuma shi ne ya fi ruɗarwa. A ɗauki misali: banki yana da 'yan aike da ke musayar saƙo 1,000,000 a rana, 10 kacal ne ke ɗauke da ɓoyayyen abu. Manhajar tana kama kashi 99 cikin 100 na miyagun, tana kuma yin kuskure a kashi 1 cikin 100 na lafiyayyun. A ƙarshen rana za ta kaɗa ƙararrawa kusan sau 10,000, goma ne kawai na gaskiya. Babu ofishin tsaron da zai bi 10,000 ɗaya bayan ɗaya. Stefan Axelsson ya yi wannan lissafi tun 1999, ya nuna cewa abin da ke kashe na'urar gano kutse shi ne yawan ihun ƙarya.

An ga sakamakon a zahiri. A 2013, lokacin da aka sace bayanan katin kuɗi kimanin miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, na'urar tsaron kamfanin ta yi gargaɗi, amma ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba. Mai gadin da ke ihu kullum, ranar da ɓarawo ya zo ba wanda zai fito.

Misalai biyu daga manhajojin gano rubutun AI, waɗanda 'yan uwan waɗannan ne na kusa, sun nuna bambancin da takarda ke kawowa. A Janairun 2023 OpenAI ya fitar da tasa, ya kuma rubuta ƙarara cewa kashi 26 cikin 100 kawai take kamawa, tana kuma ɗora wa rubutun mutane laifi a kashi 9 cikin 100. Duk malamin da ya karanta ya san bai kamata ya kori ɗalibi da ita ba, kuma a Yulin shekarar kamfanin ya janye ta. Shi kuwa kamfanin Workado ya tallata tasa da daidaiton kashi 98. A Afrilun 2025 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ce an horar da manhajar ne da rubutun ilimi kawai, kuma da aka gwada ta da rubutun yau da kullum sai ta tsaya a kashi 53, kusan daidai da cankar kai ko wutsiya. Dukansu biyu raunana ne. Ɗaya ta faɗa da bakinta, ɗayar sai da hukuma ta tono.

Da me aka gwada ta?

Darasin Workado shi ne adadi ba shi da ma'ana sai an san filin da aka samo shi. Daniel Arp da abokansa sun duba maƙalu 30 na manyan tarukan tsaron kwamfuta, suka wallafa a 2022 cewa kurakurai iri goma sun zama ruwan dare, ciki har da gwaji a yanayin ɗakin bincike da ba ya kama da na zahiri. Idan mai manhaja shi ya ƙirƙiri ɓoyayyun saƙonnin gwaji da irin dabarar da ya koya mata, to ɗalibi ne ya tsara wa kansa jarrabawa.

A nan ne batun ya shafi masu Hausa kai tsaye. Manhajar da ke neman baƙon abu tana auna rubutu ne da abin da ta saba gani, kuma abin da ta saba gani yawanci Ingilishi ne. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajoji bakwai na gano rubutun AI da maƙalu 91 na masu koyon Ingilishi, sai suka tarar an zargi kimanin kashi 61 cikin 100 bisa kuskure. Rubutunmu yana da ɓ da ɗ da ƙ, Najeriya na rubuta 'y yayin da Nijar ke rubuta ƴ, rubutun Ajami da na Larabci kuma kan zo da alamomin da ba a gani masu nuna inda layi ya dosa idan ya cakuɗa da boko. Farisanci ma yana amfani da irin wannan alama a tsakiyar kalma, hatta tutocin Ingila da Sikotland da Wales na wayar hannu da waɗancan ɓoyayyun alamomi aka haɗa su. Bankin da ya ɗora ɗan aike yana amsa wa abokan ciniki da Hausa yana da haƙƙin ya ga harsunan da aka yi gwaji da su a rubuce. In babu, ko dai saƙonnin mutanensa su riƙa maƙalewa, ko ma'aikata su gaji su kashe matatar gaba ɗaya.

Hujjar masu ƙera manhaja

Masu ƙerawa suna da amsa biyu, kuma babu ta yarwa a ciki. Ta farko ita ce lissafa raunin manhaja tamkar miƙa wa ɓarawo taswirar gida ne. Sai dai ɓarawon da ya san aikinsa zai sauke manhajar ya gwada ta a ɗakinsa har ya gano inda take makancewa. Wanda aka bari a duhu shi ne mai saye. Tun 1883 Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar cewa tsaron tsari bai kamata ya dogara da ɓoye yadda yake aiki ba. Akwai bambanci tsakanin bayyana ainihin lambobin da aka saita, wanda ana iya riƙewa, da bayyana cewa ba a duba tazarar lokaci kwata-kwata, wanda ɓoye shi yaudara ce.

Ta biyu ita ce da yawan waɗannan manhajoji mutum ɗaya ko biyu ne ke rubuta su da dare ba tare da albashi ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba za a nemi ɗan sa-kai ya yi gwajin da sai babban kamfani ke iyawa ba. Amma rubuta "ba mu auna ihun ƙarya a zirga-zirgar gaske ba" jimla ɗaya ce. Margaret Mitchell da Timnit Gebru da abokansu sun gabatar da katin bayanin manhaja a 2019, shafi ɗaya ko biyu da ke faɗin abin da aka yi ta dominsa, abin da bai kamata a yi da ita ba, da yadda aka gwada ta.

Doka ma ta soma matsowa. Dokar AI ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, ta tanadi cewa tsare-tsare masu babban haɗari su zo da bayanin matakin daidaitonsu da yanayin da ke iya rage shi, ko da yake ba kowace manhajar gadi ce ta faɗa wannan rukuni ba. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta bai wa mai riƙe da bayanai awa 72 ya sanar da hukumar NDPC daga lokacin da ya san an yi kutsen da ka iya cutar da mutane. Agogon yana fara bugawa ne bayan an sani, kuma nauyin bayanan yana wuyan wanda aka damƙa wa su, ko da wace manhaja ya dogara.

Saboda haka kafin kowace ma'aikata ta sa hannu, akwai gwajin da bai fi aikin mako guda ba. A nemi jerin hanyoyin da manhajar ba ta gani a rubuce. A girka ta a kan zirga-zirgar ofis ta gaske a ƙirga ihun ƙarya na kwana bakwai. A sa wani da ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya aika saƙon gwaji ta hanyoyin nan huɗu, da Hausa da Ingilishi, a ga nawa ta kama. Sannan a ɗauko takardar a kwatanta da abin da aka gani. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan yana neman a yi cinikin biri a sama ne, kuma bayanan da za a biya kuɗin da su na masu ajiya ne, da marasa lafiya, da ma'aikatan da ba a taɓa tambayar ra'ayinsu ba.